Wanda Ya Zo Sayen Kare

Kashe motarka can nesa da garke, baƙo,
kada ka miƙo hannu tukuna.
Bari Duman ta shinshina takalminka, ta gama lissafinta.
Ba ta haushi a banza.
Ranar da ka ji muryarta, akwai dalili a bayan dutse.

Ka ce daga Ankara kake, hawa na shida,
kana son ɗanta mai baƙar fuska
don ka ga irinsa a waya.
Zauna. Sati, kawo masa shayi.

Kakana Durmush ya ce kakansa ya ce
ba a Sivas karnukan nan suka fara ba.
A ƙafa suka iso daga gabas, bayan tumaki da tantuna,
tun ƙauyen nan bai san sunansa ba.
Ba mu muka zaɓe su ba:
sanyi ya sheƙe, kyarkeci ya tankaɗe,
abin da ya rage a faifai shi kake kallo.

Dubi abin wuyanta, ƙarfe mai ƙusoshi.
Ba ado ba ne. Maƙogwaro kyarkeci yake nema.
Shekarar da dusar ƙanƙara ta binne mana ƙofa
ta dawo da asuba, kunne a yage, kafaɗa a buɗe.
Na ƙirga tumaki: ɗari da sha huɗu,
yadda na bar su.
Da hantsi jikata Elmas ta haye bayanta
tana jan wutsiyar nan mai naɗi,
ita ko uffan.

Amma tsaya ka ji sauran zancen.
Ba ya karɓar umarni kamar soja.
Shawara yake ji, ya auna, wata rana ya ƙi.
Ka doke shi sau ɗaya, ka rasa shi ke nan,
ko yana kwance a gindin ƙafarka.
Hankali ba ya shigarsa sai ya shekara biyu;
kafin nan jikin maraƙi, kan yaro.
Kada ya yi ta hawa da sauka ƙashi bai ƙosa ba,
ƙugu ne zai biya bashin da tsufa.
Kunun sha'ir muke dama masa da tsala, da ƙashi ran yanka.
In ya ci ya kwanta, ban da guje-guje:
da hannun nan na binne wanda cikinsa ya murɗe.
Sanyi na wucewa gashi zai zubo kamar ana yi wa rago aski,
ka taje, ka laluba kaska a bayan kunne.
Ka nuna masa mutane tun yana kwikwiyo,
maƙwabci, mai kawo wasiƙa, 'yan makaranta,
in ba haka ba duk duniya kyarkeci ce.

Dare kuwa lokacin aikinsa ne.
Zai zaga iyaka, ya hau tudu, ya karanta iska.
A hawa na shida wace iyaka zai zaga?
Me zai tsare, firiji?

Mayar da kuɗinka aljihu, shayinka ya huce.
Na riga na yi wa Hidir alkawarinsa, can ƙetaren rafi,
awakinsa sittin, katangarsa ta zube.
In ya tsaya maka a rai, ka dawo da kaka.
Zai tuna warin takalminka.
Ko zai bar ka ka wuce,
wannan shi zai yanke.