Abin da Saura Ya Faɗa

Na ajiye bas a gareji ƙarfe goma sha ɗaya,
ruwan Hull yana zuba kamar mai bin bashi.
Na tarar da Barira a kicin, fitila guda,
shayi ya huce, an tauna bakin fensir,
takarda a gabanta, ta yi tagumi.

"Baba, Mista Pickering ya ɓoye mana lambobi biyu."
Na ce, "Ɓarawo ne?" Ba ta yi dariya ba.

Ga jimlar, doguwa, gaɓa huɗu kamar rake:
x³ + ax² + bx + 6.
Wannan a, wannan b, babu wanda ya san nauyinsu,
baƙi ne da suka zauna a tsakar gida da rawani a fuska.
An ce in ka raba da x − 1, goma za ta rage.
In ka raba da x + 1, shida.
Iyakar shaidar ke nan.

Ni da na bar lissafi tun a Funtuwa,
shekara talatin da ɗoriya,
na ja kujera, ban ko cire rigar aiki ba.
Na ce mu yi doguwar rabawa, hawa-hawa,
mu sauko da kowace gaɓa kamar mai sauke kaya daga mota.
Muka yi layi uku, haruffa suka cakuɗe,
a ta hau kan b, b ta taka shida,
roba ta ci takarda har ta huda.

Sai ta yi shiru, ta ce, "Tsaya.
Ai ba sai mun shiga ɗakin ba.
Wace lamba ce ke mayar da mai rabawa sifili?
Ɗaya. To a ba x ɗaya, mu ga abin da zai fito."
Ɗaya da a da b da shida, goma.
Ashe a da b, in sun haɗu, uku ne.
Ta juya, ta ba x ɗaya ta ƙasa da sifili:
tsakanin a da b, tazarar ɗaya ce tak.
Biyu da ɗaya.
Rawani ya faɗi.

Ban yarda ba. Direba ba ya yarda da madubi guda.
Na sa biyu, na sa ɗaya, na raba da hannuna,
a hankali, kamar ina shiga kwana da fasinja a tsaye,
har ƙasan shafi.
Goma ta zauna tana jirana.

Nan mahaifina ya faɗo mini a rai,
Sallau tela, bakin kasuwa, keken ɗinki mai ƙara.
A miƙo masa ƙyallen da ya rage daga hannun wani tela,
ya auna da kamu, ya dubi rigar,
ya ce, "Yadi biyar ka kai masa, ba huɗu ba."
Bai taɓa jin sunan x ba.
Abin da almakashi ya bari shi ke ba shi labari.

Na so in gaya mata, ta riga ta miƙe,
ta ɗauko gwangwanin biskit na saman firji
inda muke tara kuɗin wuta da na gas.
Ta zazzage, ta ƙirga, ta dube ni.
"Fam sha bakwai. Ran Juma'a sittin ne.
Ka sake aika wa Gwaggo Lantana kuɗin magani."

Ban ce ƙala ba.
Ta mayar da murfi, ta ɗora buta a wuta,
ta jawo takarda.
Saura tambaya huɗu, in ji ta,
kuma ta bakwai tana da baƙi uku.