Mai Yankan Harshe

A tsibirin Røst, inda rana ke leƙowa ta koma,
Eirin na soke kan kifi a tsinken ƙarfe,
ta zare harshen, ta jefa a bokiti.
Kuɗin kekenta ke nan, harshe bayan harshe.

Kakanta Oddvar na ɗinkin taru a gefe.
Ya ce, “Kar ki ce kifi kawai, jikalle,
wannan kiran baƙo ne.
Sunansa skrei, matafiyi,
ya baro ƙanƙarar arewa ya zuba ƙwai a ƙofarmu.
Mazaunin gaɓa sunansa daban, kuɗinsa daban.
Katakon shanya can, hjell ne,
ba a bi ta ƙarƙashinsa da hular kirki.

In kin hau jirgi, sa wa bakinki linzami,
ba a ambaton doki a kan teku.
Ubana bai tambayi dalili ba,
ya kuwa mutu a kan gadonsa.”

Da la'asar ma'aikaci ya zo da takarda.
Kaso, in ji shi. Kamun kuskure. Ma'auni.
Oddvar ya sa hannu bai ce uffan ba.
Kalmomin nan ba su da ƙarni,
amma su ke ɗaure jirgi ranar da teku ta kwanta.

Eirin ta ƙirga, ɗari uku da bakwai.
Bokiti fal da harsuna, duk shiru.
Ta hura yatsunta, ta maimaita a hankali,
skrei,
kada wannan ma ya faɗa ciki.