Yaɗiyar Katangar Nomau

Tsahara ta aiko murya daga Jamus da dare,
ina zaune a Tawa, rediyo na ta tari:
"Baba, akwai wani ganye a nan, ba ya jin sanyi,
ya cinye bangon gidanmu har taga.
Efoi suke ce masa.
Na tambayi malaminmu tushen sunan,
mutumin da ya yi furfura cikin littattafai,
sai ya ɗaga kafaɗa."

Ta ce kakanninsu sun ji wutsiyar kalmar
ta yi kama da sunan busasshiyar ciyawa,
irin wadda ake tara wa bisashe,
sai suka ɗaure su wuri guda,
akuya a turken da ba nata ba.
Kan kalmar kuwa, babu shaida.
Wasu sun ce mai hawa ake nufi,
wasu sun ce a'a.
Aka watse ba a raba gardama ba.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli,
ban taɓa tambayar kalma wane ne ubanta ba.

Da safe na fito da buta,
ga yaɗiya daga katangar Nomau
ta tsallako ta kama igiyar shanyarmu.
Wannan kam ba ta ɓoye kome ba:
ta yaɗu, aka ce yaɗiya, magana ta ƙare.
To garahuni fa?
Wa ya fara buɗe baki ya ce garahuni?
Mace a bakin rijiya,
ko makiyayin da ɗaci ya murɗe wa harshe?

Na tambayi Nomau ta saman katanga.
Ya ce, "Mushe, zaman gida ya fara taɓa ka.
Ci ake, ba a tambaya."

Na ɗauko wuƙa in raba ta da igiya.
Na bi jijiyar da yatsa,
ta bayan randa, ta ƙarƙashin tsohon keke,
har inda ta shige tsagar bango
ta ɓace mini.
Can ma, in ji Nomau, ba shi ya shuka ba.

Na mayar da wuƙa kube.
Na danna waya na ce,
"Tsahara, tsinko ganye ɗaya ki sa a littafi,
ki zo mini da shi.
Sunanki ma na uwata ne,
kuma ban tambaye ta ba."