Mako Ashirin da Shida

A Dundee ruwa ba ya sallama,
tun asuba yake bin gilashin shagona.
Ni mai gyaran keke ne, shekara talatin
ina gane ciwon ƙarfe da kunnena.

Ran wata Litinin wata mata ta shigo da jaka,
lemarta na ɗiga a bakin ƙofa.
Ta ce gwamnati ta ware wasu kuɗi:
rabin albashin yaro, mako ashirin da shida,
da na tafinta, da na bas.
Ba zan ɓoye muku ba, rabin nan na ji,
sauran maganar ta bi iska.

Sai ga Struan a bayanta,
dogo, siriri, rigar sanyi ta yi masa kaɗan.
Kurma ne tun haihuwa.
Daga bene na sha ɗaya yake saukowa da ƙafa,
uwarsa na wanke daɓen asibiti da dare.
Takarda arba'in da ɗaya ya aika neman aiki,
uku suka amsa, su ma da "a yi haƙuri."

Na miƙa masa tsintsiya.
Kunya ta hana ni faɗin na kwana nawa.

Wata Laraba aka kawo keken wani ɗan wasiƙa,
yana kuka can ciki, na rasa bakin zaren.
Na juya wili, na kasa kunne, na zagi sarƙa.
Yaron ya jingine tsintsiya,
ya ɗora tafinsa kan sirdi, ya lumshe ido
kamar ungozoma a kan ciki,
sannan ya nuna cibiyar ƙafar baya.
Na kwance. Ƙwayar boris guda ta tsage,
ba ta fi masoro girma ba.
Ga ni tsaye da furfurata,
wanda ba ya ji ya ji abin da ya wuce ni.

Daga ranar hannuna ya shiga makaranta.
Yatsu masu baƙin mai, masu taurin kai,
suka koyi "sifana", suka koyi "shayi".
Na ce masa "na gode", ya faɗi da dariya,
ashe wani abu daban na faɗa.

Da albashin farko takalmi ya saya wa uwarsa,
mai laushin ciki, don tsayuwar dare.

Yau Juma'a, makon ƙarshe.
Wasiƙa ta zo: asusun ya rufe,
ana duba yiwuwar sabuntawa.
Su a can suna dubawa, ni a nan ina lissafi:
haya, wuta, watannin ƙanƙara da ba mai hawa keke.
Na haɗa, na cire, na sake haɗawa,
biro ya ƙi yi mini ƙarya.
Na tuna sauran tagogin benen nan,
wa ya san hannu nawa ke zaune a bayansu?

Kogin Tay ya yi duhu tun ƙarfe huɗu.
Struan ya wanke hannu, ya jera sifanu,
babba zuwa ƙarami, kamar kullum,
ya miƙo mini makullin akwatin aiki.

Ban karɓa ba.
Na kai yatsa gefen kumatuna, na turo shi gaba:
gobe.

Ya daɗe yana dubana.
Sai ya kama hannuna ya gyara shi,
don har yanzu ban iya faɗinta daidai ba.