Gangaren Bayan Kurfi

Kafin ladanin Ƙofar Ƙwaya ya gama gyaran murya
na riga na latsa taya da babban yatsa.
Keken na gwanjo ne, ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago,
tayarsa siririya kamar tsinken tsire.
Ran da na turo shi gida, Baraka ta zagaye shi sau biyu,
ta ce, "To, a ina ake ɗaura buhun gero?"

Likita ne ya ce sukari, ya ce in motsa.
Shekara talatin ina taka keken ɗinki
bai taɓa fitar da ni ƙofar shago ba.
Na ce bari in gwada wanda in an taka shi yake tafiya.

Mu biyu ne, ni da Mannir mai walda.
Mukan wuce Batagarawa tana barci,
ruwan jiya kwance cikin ramukan kwalta,
kowane rami da ɗan guntun samansa.
Gero ya kai ƙugu, dawa ta fi shi ɗaga kai.
Hanya shimfiɗe kamar yadin da almakashi bai taɓa ba,
har mutum ya fara cika baki.

Sai tudu.

Shi tudu ba ya ɗaga murya.
A hankali yake karɓar bashinsa,
daga cinya, daga gwiwa, daga ƙasan haƙarƙari.
Sarƙa na kuka, ni ma ina nawa a ciki.
Duwatsu baƙaƙe sun durƙusa a dama
kamar raƙuman da aka sauke wa kaya aka manta da su.
Wata akuya a kan ɗayansu tana bi na da ido,
kallon wanda ya bar mota da kuɗinsa a aljihu.
Mannir ya waiwayo: "Tela, ko in jefo maka igiya?"
Ba ni da numfashin zagi.

Wanda bai taɓa sakin feda a bakin gangare ba
kada ya ce mini ya san daɗin kyauta.
Iska ta cika rigata ta mai da ni mai ƙiba,
hula ta tashi, ban waiwaye ta ba.
Can ƙasa rafi ya ci ya ƙoshi, jajawur,
yana jan kara da warin silifa ta ƙarƙashin gada.
Mata na bugun wanki, masu yashi sun jera jakuna,
wani yaro ya bar shanunsa ya biyo mu a guje:
"Baba, ba ni ɗani! Baba, ɗani!"

A gindin gadar Tabawa ke ajiye ƙwarya.
"Ban da sukari," takan riga ni faɗa,
ta dama, ta miƙo ludayi ba ta dube ni ba.

Bara ba a nan muke juyawa ba.
Mukan miƙe har Dutsin-Ma,
har mu ga Zobe ya buɗe kamar faranti,
mu ci kifi da hannu mai baƙin man sarƙa.
Bana a gada muke tsayawa,
kuma ba tudu ne ya hana ba.
Tabawa na ɗauraye ludayi ta ce,
"In kuka ji babura da yawa, kada ku tsaya ƙirga su."
Mannir ya daɗe yana kallon hanyar da ta yi gaba,
sannan ya duƙa yana gyara birkin da bai lalace ba.

Muka juya.
Gangaren da ya yi mini kyauta ɗazu
ya zama tudu, yana jirana da lissafi.
Rana ta hau ƙeya. Na ƙirga feda har ɗari, na ɓata, na sake.
A tsakiyar hawan, ga hulata rataye a ƙayar bagaruwa.
Tsabar rashin saurina
na miƙa hannu na cire ta ban sauka ba.