Murfin Gwangwani

A Gadarif ƙasa baƙa ce, kuma ba ta cika alkawari.
Da rani takan wage baki har akuya ta karye a ciki,
da damina ta koma tuwon da bai ji wuta ba.
Ni man riɗi nake kai wa mutane,
jarka huɗu, biyu dama biyu hagu,
daga inda raƙumi ke zagaya turmi ido a ɗaure
zuwa shagunan bakin tasha.

Ranar da na sayi babur Usta Nomau ya ce da ni:
"In ka sauka, ƙafa ɗaya ta rage masa,
ita ma ba ta fi yatsanka kauri ba.
Kada ka ba ta ƙasar da ba ka fara takawa ba."
Ya miƙo murfin gwangwani da ya sha guduma,
wai in riƙa shimfiɗa mata.
Na karɓa don kunya,
na kai gida na ba Ilu ya yi wasa.

Talata, bayan ruwan asuba,
na tsaya gun Tasalla mai shayi.
Na harba ƙafar da diddige, na jingina, na wuce.
Ban bar shi a giya ba, ban karya kansa hagu ba,
hancinsa ma gangare yake kallo.
Kofin farko ina ta bakin farashin dawa.
A na biyu Tasalla ta bar fifita gawayi
ta ce, "Jatau, abokinka fa ya tafi ruku'u."

A hankali ya yi ta,
kamar tsoho mai laluben tabarma,
laka na haɗiyar ƙarfen loma-loma.
Na zabura, na cafko iska.
Jarka biyu suka buɗe baki,
zagayen raƙumi na yini biyu
ya kwanta kan taɓo yana sheƙi.
Kaji ne kaɗai suka zo mini jaje,
su ma da wata manufa.

Na turo shi har rumfar Usta, madubi na lilo.
Na shirya wa gori, bai ko ɗauko zancen murfi ba.
Ya ɗaga tayar baya, ya juya ta, ya kasa kunne:
ƙiii, ƙiii.
"Mai tallan mai," in ji shi, "sarƙarsa na kukan ƙishirwa."

Ya sa na tsuguna.
Kananzir a gindin gora, tsohon buroshin haƙori,
gaɓa bayan gaɓa, har baƙin ya sallama.
"Sai ta yi ɗumi, bayan ka dawo daga hanya.
Ɗiga ta ciki, inda take sumbatar haƙora,
kana juya taya kamar mai jan carbi.
Ka bar ta ta kwana da shi, sannan ka goge saura,
don mai in ya yi yawa yashi yake gayyata,
yashi kuwa in ya zauna, dutsen niƙa ne."
Ya sa yatsa biyu ya gwada sakinta.
Na ce ko na riɗin zai yi, tunda ga shi a jikina har wuya.
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Wannan na miya ne."

Da magariba na sami Ilu a zaure,
murfin ya zama tayar motarsa ta kara.
Muka yi ciniki mai zafi, ya tsaya kan alewa uku,
ban da hawa ɗaya zuwa bakin kasuwa.

Yanzu na huda shi, na ɗaure da zare a hannun babur.
Duk inda na tsaya sai na taka ƙasa tukuna,
in jefa mata shi, in girgiza sirdi sau biyu.
Tasalla har yau in ta hango ni
sai ta tambaya ko liman ya iso.