Lambar Asuba

Kafin ladanin Agege ya gama gyara murya
wayar da ke ƙarƙashin matashina ta riga shi.
Uwani ce ta ɗora mata wannan kuka,
ta ce, "Baba, in ta kira, ban da tsaki. Tashi."

Na soki ɗan yatsa. Ɗigo guda, ja wur.
Na'ura ta lasa, ta yi shiru kamar mai lissafin bashi,
sannan ta ce: ɗari da tamanin da huɗu.
Ni da na shekara talatin ina ƙirga buhun albasa,
yau ni ake ƙirgawa.

Da can ganin likita yini ne sukutum:
danfo, cunkoson Oshodi, hayaƙi har maƙoshi,
in isa Idi-Araba ƙafa ta kumbura
a ce layi ya rufe, in dawo Talata.

Yanzu Uwani ta ɗauki hoton lambar ta tura.
Kafin shayina ya huce,
shayin nan maraya, ba sukari ba madara,
Dakta Folake ta aiko da murya,
Hausarta na ɗingishi amma tana isowa:
"Baba Tanimu, me ka ci jiya da dare?"

Na ce tuwo ne, loma uku.
Uwani ta ɗaga kai tana kallon silin.
To. Da fanke biyu a bakin tasha.
Baki ya iya ɓoyo, jini bai iya ba.

Akwai makon da aka ɗauke wuta kwana uku,
waya ta mutu ta bar ni da tsohon kaina.
Na manta ƙwayar yamma, na manta ta safe,
ƙishi ya hana ni barci, idona ya yi hazo.
Yarinyar nan ta ratsa ruwan sama
zuwa rumfar mai caji,
ta dawo da ita a ƙunshe cikin leda
kamar wadda ta karɓo jariri.

Ban ce ita ke ba da lafiya ba.
Mai bayarwa na san Shi, Ya san ni.
Sai dai ko an ce tashi in taimake ka,
wani lokaci sai an sami mai tashin.

Yau da asuba: ɗari da goma sha takwas.
Uwani ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don maƙwabta.
Na naɗe darduma, na sa kwalbar magani a aljihu.
Motar Aliero ta iso tun jiya,
albasa ba ta jiran kowa.